Tsohuwar da Mas'uda ta Saka a Littafi

Mas'uda ta fara rubuta littafin ne a shekarar da aka mayar da mijinta Muhsin koyarwa a Karaye. Ita 'yar Unguwar Marke ce, wani ƙaramin ƙauye a bayan Zoza cikin ƙasar Rogo, inda baffanta Abdussalam yake mai unguwa. A Karaye ba ta san kowa ba, ga hannunta tun tana sakandare yake ƙaiƙayin rubutu. Sai ta buɗe zauren masu karatu a waya, duk ranar Alhamis ta saki babi ɗaya.

Ba labarin soyayya ta rubuta ba. Ta ɗauki ƙasar Karaye da Rogo ta kai ta shekara ɗari da hamsin gaba. A can rana ta yi zafin da ba a fita sai da riga mai sanyaya jiki, gonaki sun koma ƙarƙashin rumfunan gilashi, injuna masu fukafukai ne suke shuka, har gaida manomi suke yi da Hausa kafin su kama aiki. Ruwan sha kuwa da cokali ake auna shi. Ana cikin haka sai annoba ta sauka: shuka ta kwana lafiya, ta wayi gari a kanannaɗe. Jarumin littafin, wani saurayi injiniya, ya bi sawu har ya gano cewa aikin wata tsohuwa ce mai shekara ɗari uku, mai jan ƙafar hagu. Duk inda ƙafar ta ja layi a ƙasa, ƙasar ta mutu ke nan. Sunanta Mai Taku.

Kafin a je ko'ina zaure ya cika, aka buɗe na biyu, shi ma ya cika. Mata daga Gwarzo har Zariya suna turo mata saƙo, wata ta ce ta ƙone tuwo saboda babi na tara.

Muhsin malamin kimiyya ne, kuma bai iya yabo ba sai da gyara a bayansa. Wata Asabar da hantsi yana guga tana tsintar shinkafa, ya ce, "Mas'uda, garin nan naki ya ginu. Wurin da kika ce uwa tana auna wa 'ya'yanta ruwa da cokali, wallahi sai da na tashi na sha ruwa. Wanda bai taɓa tunanin ƙasa tana iya gajiya ba, ya karanta wannan zai yi tunani. Wannan aikin irin littattafan nan ne kaɗai suke iya shi."

Ta ce, "Amma?"

"Amma da kika zo wurin mai laifi sai kika gaji. Kin ƙera sabuwar duniya tun daga sama har ƙasa, kika rasa sabon dalili, kika koma kika ɗauko tsohuwa gurguwa daga tatsuniya. Ba ke kaɗai ba ce, yawancinku haka kuke. A gina masifar da ta fi ƙarfin gari guda, sannan a rataya ta a wuyan mutum ɗaya, don jarumi ya samu wanda zai kashe. Ƙasa ba haka take mutuwa ba."

Ta yi dariya ta ce, "Malam, in na rubuta musu zaizayar ƙasa da ƙarancin taki, kai kaɗai za ka rage a zauren."

Ya ce, "Haka ne kuma," ya ci gaba da gugarsa.

Abin da ba ta gaya masa ba shi ne, ba daga tatsuniya ta ɗauko tsohuwar ba. A ƙarshen Unguwar Marke, bayan tsohuwar rijiya, kusa da wata kanya mai rababben gindi, akwai gidan Iya Hajo. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'yarta guda Saude tana aure a Kwanyawa, ita kaɗai take zaune da awakinta. Tana jan ƙafar hagu, tana magana ita kaɗai in tana yankan ciyawa. Mas'uda tana ƙarama in aka aike ta wajen, da gudu take wuce ƙofar. Da ta zo rubuta Mai Taku ta nemi abin da zai sa gaban mai karatu ya faɗi, sai wancan tsoron na ƙuruciya ya zo mata da kayansa duka. Ta saka rijiyar, ta saka kanyar da rababben gindinta, ta saka awakin. Suna kawai ta canza. A ranta ta ce wa zai karanta a ƙauyensu, inda rabin mutane ba su da babbar waya?

Ba ta san cewa wani mai zaƙin murya, wanda har yau ba ta san ko wane ne ba, yana karanta babobin yana naɗa ba. Muryar tana yawo daga waya zuwa waya, har ƙananan wayoyi masu ɗaukar katin memori. A hanya aka yanke gaisuwar farko inda ake faɗin sunan littafi da mai shi. Aka yanke injuna da rumfunan gilashi, don masu saurare sun ce suna ja musu rai. Abin da ya rage shi ne tsohuwa, da rijiya, da kanya, da shukar da ke mutuwa.

A tsakiyar damina ta saki babi na ƙarshe. Jarumi ya cinna wa ɗakin Mai Taku wuta tana ciki, hayaƙi ya tashi ya zama hadari, ruwa ya sauka, gonaki suka farfaɗo. Masu karatu suka yi ta sa mata albarka.

Kwana goma sha ɗaya bayan nan, da safe tana shara, Baffa Abdussalam ya kira. Bai saba kiranta ba, ita ce mai kira. Suka gaisa, ya tambayi maigidan da aiki, ta tambayi mutanen gida da damina.

Ya ce, "Damina da sauƙi. Gyaɗa dai babu ita bana. Ganye ya yi ɗorawa, ya murɗe, ta tsaya cak ba ta ƙara tsawo. Mas'uda, an ce mini wani labari da yara suke ji a waya, ke kika yi shi. Gaskiya ne?"

Ta jingina tsintsiya da bango. "Wane labari, Baffa?"

"Na wata Mai Taku."

"Ni ce, Baffa. Ai ƙage ne, littafi ne kawai."

Ya ce, "Ki nemi izinin mijinki ki zo yau. Ba gobe ba."

Muhsin bai ce mata ai na gaya miki ba. Ya nemi wani abokin aikinsa ya riƙe masa aji, ya fito da babur. Suka bi hanyar Rogo, daga can suka yanki ta Zoza. Hadari ya haɗu a gabas tun hantsi ya ƙi zuba ya ƙi watsewa, iska ta ɗauke, ko ganye ba ya motsi. Da suka sauka daga kwalta ta fara ganin gonakin. Dawa da gero sun yi kore shar har sun rufe mutum, amma a tsakaninsu gyaɗa ta zauna a dunƙule, rawaya-rawaya, kamar an zuba mata ruwan zafi. Muhsin ya tsaya, ya tsuguna ya juya ganye ɗaya, ya nuna mata wasu ƙananan baƙaƙen ƙwari manne a bayansa.

"Su ne suke kawo cutar. An san ta tun kafin a haife mu."

Ta ce ya bi ta wajen tsohuwar rijiya. Tun daga nesa ta hango rubutun gawayi a katangar Iya Hajo, manyan baƙaƙe, a karkace: MAI TAKU. Duwatsu a warwatse a bakin ƙofa, an rufe ƙofar da wani tsohon kwano an tokare daga ciki. A gindin kanyar akuyar Iya Hajo ce kwance a mace ta kumbura, ƙuda sun rufe ta, ba wanda ya ja ta ya yar. Wasu mata biyu da suka fito daga gona suka kauce daga turbar, suka zagaya ta cikin dawa don kada su bi ta gaban gidan.

Baffa ya karɓe su a zaure. Ya rame sosai. Ya ce tun da gyaɗa ta fara lalacewa aka soma ƙus-ƙus. Wani ya ce ya ga layin ƙafarta a gefen gonarsa. To ina ne ba a ganin layin ƙafarta, matar da shekara arba'in tana bin gefen gonaki tana yi wa awaki ciyawa? Liman ya yi huɗuba a kai, ya ce zato zunubi ne, aka saurara aka watse aka ci gaba. Malamin gona ya zo daga Rogo ya yi bayanin ƙwari, aka ce masa to wa ya turo ƙwarin?

Baffa ya ce, "Na aika wa dagaci, ya ce a tara mutane a kwantar da hankali. Bayan la'asar za su taru a nan ƙofar. Ke za ki gaya musu da bakinki."

Suka taru fiye da yadda ta zata. Dattawa a kan tabarmi, magidanta da samari a tsaye a baya, mata suna leƙe ta saman katanga. Mas'uda ta tsuguna a gefen baffanta, ta gyara hijabi, ta gaida manya. Ta ce ita ta rubuta labarin a ɗakinta a Karaye, ba wanda ya ba ta shi, ba ta gani ba, ba ta ji ba. Ta ce labarin ma na shekara ɗari da hamsin gaba ne, da injuna masu tashi a ciki, yanke shi aka yi. Ta ɗaga wayarta ta ce ga shi nan duk mai so ya karanta. Ta ce kuskurenta shi ne da ta kwatanta gidan Iya Hajo, kuma tana neman gafarar Allah da ta Iya da ta gari.

Wasu dattawa suka gyaɗa kai.

Sai Sabi'u ya matso. Ajinsu ɗaya a firamare, yanzu magidanci ne mai 'ya'ya huɗu, kuma bana duk gonarsa gyaɗa ya zuba. Ba ihu ya yi ba. Ya durƙusa ya gaida mai unguwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, tambaya ɗaya gare ni." Ya juyo. "Mas'uda, yaushe kika rubuta wurin da shuka take murɗewa?"

"Tun da bazara."

"Kafin ruwan farko?"

"Eh."

"Kika ce ganye zai yi ɗorawa ya kanannaɗe, shuka ta tsaya ba ta gaba. Jama'a, ba haka muka ji ba? To ga shi a gonata, je ki gani. Ke da kike Karaye, tun ba mu zuba iri ba, ta yaya kika sani?"

"Sabi'u, na taɓa ganin cutar muna yara, ita na kwatanta..."

"Muna yaran ma tana garin nan."

Aka yi wani gunaguni a baya. Muhsin ya miƙe zai yi magana, wani ya ce baƙo ya bari 'yan gari su gama.

Sabi'u ya ce, "Ni ban ce ƙarya kike yi ba. Gidajen garin nan sun fi ɗari, tsofaffi sun fi ashirin, ba ki ɗauki kowa ba sai ita. Ke jinin gidan sarauta ce, kin ji abin da mu ba mu ji ba. Kin faɗi gaskiya a waya inda ba mai ganinki. Yau kin zo, kin bi ta ƙofar gidanta, an gan ki, shi ne bakinki ya juya." Ya dubi mutane. "Ku dubi yadda jikinta yake rawa."

Jikinta kuwa rawa yake yi. Ta ga idanu sun dawo kanta, ba da fushi ba, da tausayi, irin kallon da ake yi wa wanda aka riga aka kama. Wata mata a saman katanga ta ce, "Allah sarki, ta taɓa ta." A nan Mas'uda ta gane cewa duk abin da za ta ƙara faɗa, wani babi ne take ƙara musu.

Baffa ya ɗaga murya ya ce duk wanda ya sake jifan gidan nan shi da kansa zai miƙa shi ga hukuma. Liman ya yi addu'a, aka shafa. Mutane suka watse a hankali, ba mai gardama, kuma wannan shirun ya fi ba ta tsoro a kan hayaniya.

Da ƙofar gida ta yi sarari Baffa ya ce, "Ba zan iya tsare ta ba. Ni ɗaya ne, idona biyu. Na kira Saude, ta ce a kawo ta. Ku je ku fito da ita tun da sauran rana."

Sai da Mas'uda ta yi sallama sau huɗu ta faɗi sunan mahaifinta kafin aka janye kwanon. Iya Hajo ta fi yadda take tuna ta ƙanƙanta. Goshinta da kumburi inda dutse ya same ta. Ta shimfiɗa musu buhu, ta kawo ruwa a kwanon sha, ta ce su yi haƙuri na shekaranjiya ne, kwana biyu ba ta je rijiya ba.

"Ke ce ta wajen marigayi Lukumanu? Mai gudu in ta zo ƙofata?" Ta yi ɗan murmushi. "An ce ke kika sa ni a rediyon waya."

"Ni ce, Iya. Ki yafe mini."

"Me na yi miki?"

"Ba ki yi mini komai ba."

"To." Ta shafa gwiwarta. "Ƙafar nan amalanke ne ya taka ni, shekarar da na haifi Saude, muna kwaso dawa. Kowa ya sani. Uban Sabi'un ma yana cikin waɗanda suka ɗauko ni." Ta dubi Mas'uda. "Yara suna zuwa bayan katanga su kunna mini, amma kunnena ba ya ji sosai. A ƙarshen labarin, me aka yi mini?"

Mas'uda ta dubi Muhsin, ya sunkuyar da kai. Ta so ta yi ƙarya, ta kasa.

"An ƙone ɗakin."

"Ina ciki?"

"Eh, Iya."

Tsohuwar ta jima tana kallon rufin ɗakinta na kara. Sannan ta dafa bango ta miƙe ta ce, "Bari in ɗaure kayana."

Kayan ba su fi ƙulli biyu ba. Baffa ya samo mai a-kori-kura daga Zoza, aka loda ta da awakinta uku da suka rage. Ba wanda ya fito sallama, amma a kowace ƙofa akwai mutum a tsaye. Har suka fita gari hadarin nan yana rataye, bai zuba ba.

Ranar Juma'a, ana masallaci, ɗakin Iya Hajo ya kama da wuta. Da aka fito sai bango. Baffa ya bi gida gida yana tambaya, ba wanda ya ga komai. Washegari ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya, ya wanke ƙwarin, wasu gonakin da cutar ba ta ci sosai ba suka ɗan murmure. Muhsin ya ce haka ruwa mai ƙarfi yake yi musu dama. A Unguwar Marke ba wanda ya nemi bayani.

Mas'uda ta goge littafin daga zaurukan biyu. Ta rubuta dogon bayani, ta naɗi muryarta tana faɗin gaskiyar abin da ya faru, ta roƙi a yaɗa. Kaɗan suka saurara har ƙarshe. Wasu suka ce ta dawo musu da littafinsu, wata ta tambaya ko wannan ne somin sabon labari. Muryar mutumin nan mai zaƙi kuwa ba ta da inda za a je a goge ta.

Bayan an yi girbi ta je Kwanyawa duba Iya Hajo, da 'yar atamfa da sabulu. Ta same ta a ɗaki, ta rame, Saude ta ce ko tsakar gida ba ta cika fitowa ba. Labarin ya riga ya iso. Maƙwabta sun daina aiko yara ɗibar wuta, kuma mijin Saude ya fara maganar ko za a kai ta wurin wasu dangi a Kano, inda ba mai noma.

Mas'uda ta ce, "Iya, ki zo Karaye ki zauna wurina. Malam ya yarda, akwai ɗaki."

Tsohuwar ta karɓi atamfar ta sa albarka. Ta ce, "Na yafe miki, 'yar nan, tun ranar. Amma ba zan zauna gidanki ba. Kina kallon mutum da yawa."

Saude ta rako ta har bakin hanya inda Muhsin yake jira. Ta yi godiya, ta ce a gaida Baffa. Sannan ta duba hagu da dama, ta rage murya.

"Don Allah kada ki ƙara zuwa. Tun da kika shigo ake ƙirga minti nawa kika yi a ciki."

Mas'uda ta waiwaya. A ƙarƙashin wata rumfa maza huɗu ne zaune, sun daina hira, suna kallonsu. Ta hau babur, Muhsin ya tayar, suka kama hanyar gida.